Mai Jakar Goyo a Babban Birnin Gaɓar Teku: Yinin Farko Ne Mai Wuya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a shafin wasiƙu, mu yi magana da matasan da ke shirin saɓa jakar goyo su tafi ganin duniya da ɗan guzuri. Yawancinsu a babban birni na bakin teku suke fara sauka, irin su Istanbul, Mumbai, Dakar ko Darussalam, domin nan ne manyan filayen jiragen sama suke, nan ne kuma tikiti ya fi sauƙi. Abin da muke son su gane shi ne, tsakanin saukowa daga jirgi da kwanciya a gadon farko ba wurin tsimi ba ne. A cikin waɗannan sa'o'in ne baƙo ya fi yin asara, kuma mafi yawan lokuta garin neman araha ne. Daga yini na biyu mutum ya tsuke bakin aljihunsa yadda yake so.

Tun daga sayen tikiti ake fara gyara ko ɓatawa. Jirgin da ke sauka ƙarfe ɗaya na dare yakan fi araha, amma a wannan lokacin jirgin ƙasa da motocin safa sun tashi aiki a birane da dama, sai tasi kawai, ga duhu, ga gajiya. Abin da aka rage a tikiti sai ya ƙare a hannun direba. Wasu filayen jirgin kuma sun yi nisa da gari. Sabon filin jirgin Istanbul na da tazarar kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, na Blaise Diagne da aka buɗe a Disambar 2017 ya fi haka nisa daga Dakar. A zaɓi jirgin da zai sauka da hantsi ko da azahar. Idan dole ta sa aka sauka da tsakar dare, zama a cikin zauren filin jirgin har gari ya waye ya fi shiga unguwar da ba a sani ba.

Kafin a bar gida a duba fasfo, ƙasashe da yawa na son ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare. Katin allurar shawara ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar, amma tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Jami'an shige da fice kan tambayi adireshin masauki da tikitin fita, mai jakar goyo kuwa an fi tsare shi da wannan tambaya. Saboda haka a kama masaukin dare biyu na farko tun kafin tashi, a buga takardar a riƙe a hannu. Waya tana mutuwa, takarda ba ta mutuwa. Jakar da ba ta wuce lita 40 ba tana shiga cikin jirgi tare da mai ita a yawancin kamfanoni, muddin nauyinta bai haura abin da suka yanka ba, wanda a wurin da yawansu kilo 7 ne. Duk wani abu mai ruwa kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Batirin cajin waya a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan da za su shiga ƙarƙashin jirgi.

Maganar kuɗi tana bukatar natsuwa. 'Yan canjin filin jirgi sun san baƙo ba shi da zaɓi, don haka farashinsu ne mafi muni a gari. A canza abin da zai isa mota, abinci da layin waya na yini ɗaya kawai, a kuma roƙi ƙananan takardu, domin babbar takarda a hannun baƙo kan jawo "babu canji". Wanda zai cire kuɗi a na'urar ATM, ya nemi ta banki da ke cikin gini, ya rufe hannunsa yayin danna lambobin sirri. Na'urar takan yi tambaya mai kama da taimako: a lissafa maka da kuɗin ƙasarka ko da kuɗin ƙasar da kake? Kullum a zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki. Wanda ya zaɓi na ƙasarsa ya ba mai na'urar damar yanka nasa farashin canji, kuma ba zai yanka don amfanin baƙo ba. A raba kuɗin gida uku: kaɗan a aljihun gaba, kaso mai tsoka da fasfo a ɗamarar da ke ƙarƙashin riga, sauran da kati na biyu a can ƙasan jaka.

Da an fito daga zaure za a ci karo da masu cewa "tasi, tasi". Doka ɗaya ce a nan: wanda ya zo wurinka ba shi ne direbanka ba, kai ne za ka je wurin direba. Filin jirgin Mumbai da wasu irinsa na da teburin da ake biyan kuɗin tasi tun a ciki a karɓi rasit. Inda babu, a bi layin tasi na hukuma, a tabbata an kunna mita ko an yanke kuɗi kafin jaka ta shiga mota. Jakar ma a kujera za ta zauna kusa da mai ita, domin wanda kayansa ke kulle a but ba ya iya fita idan gardama ta tashi. Akwai tsohuwar dabara da ake yi a ko'ina: direba ya ce masaukin da ka kama ya rufe, ko ya cika, ko hanyarsa ta toshe, amma ya san wani mai kyau. Kamasho yake nema. A ce masa ya kai ka ƙofar, ka gani da idonka. Abin da ke karya wannan dabara shi ne taswirar birnin da aka sauke a waya tun a gida, wadda ke aiki ba tare da intanet ba, mutum na kallon inda ake bi da shi. Idan da rana ne, jirgin ƙasa ko safa sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai a guji lokacin fita aiki da na tashi. A cikin cunkoso a juyo da jakar zuwa ƙirji, don 'yan sane sun fi son zik ɗin da ke bayan mutum, musamman daidai lokacin da ƙofa za ta rufe.

Masaukin haɗaka, inda mutum shida ko takwas ke kwana ɗaki ɗaya a gadaje masu hawa biyu, shi ne gatan mai ƙaramin guzuri. Amma araha ba ta ado. Masaukai mafi arha sukan taru a kewayen tashar jiragen ruwa da tashoshin mota, wuraren da ke cike da jama'a da rana, su koma kufai da dare. A duba unguwa kafin a duba farashi. Da isa, kafin a kwance jaka, a ɗaga zanin gado a haska ɗinkin katifa da fitilar waya. Ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ne, kuma idan ya shiga jakar goyo zai bi mutum har ƙarshen tafiya. A duba akwatin ajiya, a sa masa kwaɗon da aka zo da shi, a san inda ƙofar fita ta gaggawa take. Mata su tambayi ɗakin mata zalla, masaukai da yawa suna da shi. Iskar teku kuma na ɗauke da gishiri da laima: kaya masu kauri ba sa bushewa, sai su yi funfuna cikin kwana biyu, zik da bakin caja su yi tsatsa. Tufa mara nauyi kala uku ta wadatar, waya da takardu kuma a sa su cikin leda mai zugewa.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu, wato tekun kanta. Wanda ya iya iyo a kogi ko tafki kada ya ɗauka ya iya teku. Abin da ya fi cin rayuka a bakin teku shi ne wani siririn ruwa mai komawa ciki. Igiyoyi na tara ruwa a gaɓa, ruwan kuma sai ya sami wata kafa tsakanin tudun yashi ya koma da ƙarfi, wani lokaci da gudun da ya kai mita 2 a daƙiƙa, abin da ko gwanin ninƙaya ba ya iya tsere wa. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya. Hagu da dama igiya na fashewa da farin kumfa, tsakiya kuma ruwa ya yi duhu ya kwanta, sai baƙo ya ce nan zan shiga. Idan aka lura za a ga kumfa ko tarkace na tafiya cikin teku ta wannan kafar. Ana yawan samunsa kusa da duwatsu da gadojin da suka kutsa cikin ruwa. Wanda ya tsinci kansa a ciki ya sani ruwan ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa yake kai shi. Gajiyar kokawa da shi ce ke kisa. A kwanta rigingine a bar jiki ya yi iyo, a ɗaga hannu ɗaya a yi kira, idan da ƙarfi a yi ninƙaya gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har a fita daga kafar, sannan a nufo tudu. Wanda ke kallo daga waje kada ya faɗa ceto hannu rabbana, ya jefa abin da ke iyo ya kira masu ceto. Jar tuta na nufin kada a shiga. A ƙasashe irin su Ingila, Ostareliya da Afirka ta Kudu, tutoci masu ja da rawaya ne ke nuna inda masu ceto ke sa ido, tsakaninsu kaɗai ake wanka. Inda babu tuta babu mai ceto, ruwa kada ya wuce gwiwa.

Teku kuma tana cika tana janyewa, a yawancin gaɓoɓi sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kuma lokacin na jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma lokacin da ya cika. Yashin da aka bi da safe zuwa wani dutse zai iya zama ƙarƙashin ruwa da la'asar. Wannan ya shafi cikin gari ma: idan ruwan sama mai yawa ya haɗu da cikar teku, magudanai ba su da inda za su zubar. Haka ta faru a Mumbai ranar 26 ga Yulin 2005, da aka yi ruwan milimita 944 cikin awa 24. Mai zuwa da damina ya guji ɗakin da ke ƙasa, kada kuma ya taka ruwan da ya rufe titi, domin ba ya ganin ramin kwata ko wayar lantarki.

Jirgin fito na daga cikin abubuwan more rayuwa mafi arha a irin waɗannan birane. A Istanbul kati ɗaya ne ke biyan safa, jirgin ƙasa da jirgin da ke tsallaka mashigin Bosforus. Daga Darussalam zuwa Zanzibar kusan awa biyu ne, kuma ana duba fasfo. Tikiti a tagar kamfani ake saye, ba a hannun ɗan kamashon bakin ƙofa ba. Da shiga a nemi inda rigunan ceto suke. Idan an ga lodi ya wuce kima a sauka a jira na gaba, ko da tikitin zai tafi a banza. Jirgin Joola da ya kife a Satumbar 2002 a hanyarsa ta zuwa Dakar ya ɗauki fiye da ninki uku na mutanen da aka ƙera shi dominsu, mutum sama da 1,800 suka rasu.

Saura ciki da sauro. A sha ruwan gora mai hatimi ko wanda ya tafasa na minti ɗaya. Abincin teku a ci shi da zafinsa a inda ake layi, domin kifi da jatan lande na saurin lalacewa a zafi. Idan gudawa ta kama, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa kurɓa. Idan da jini ko zazzaɓi, sai asibiti. A biranen zafi sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai da man shafawa. Wanda zazzaɓi ya kama a can ya tsaya kan farasitamol har a gwada jininsa, domin asfirin da ibuprofen na ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi. Zazzaɓin maleriya kuwa ba ya bayyana sai bayan mako guda ko fiye, wani lokaci sai an koma gida, don haka a gaya wa likita ƙasashen da aka bi.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu karatu da ke harkar tafiye-tafiye