Tsofaffin ƙudan zuma su ne malaman amya, a daina kashe su

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don jan hankalin manoma da masu kiwon zuma.

Ƙudan zuma na faɗa wa juna inda abinci yake, kuma da rawa suke yi. Idan ɗaya ta samo fure, sai ta dawo ta hau saƙa cikin duhun amya, ta miƙe tana kaɗa gindi, ta zagayo ta dama, ta sake miƙewa, ta zagayo ta hagu, 'yan'uwanta na biye da ita suna taɓa ta. Idan sama ta miƙe, furen yana saitin rana. Idan ƙasa ta nufa, sai a ba rana baya. Karkatar da ta yi dama ko hagu kuwa, daidai take da karkatar hanyar daga rana. Tsawon kaɗawar shi ke nuna nisa: daƙiƙa ɗaya, wajen kilomita ɗaya. Karl von Frisch, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya gano wannan, har ya samu lambar Nobel a 1973.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne binciken da masana daga Sin da Amurka suka fitar a mujallar Science a 2023. Sun haɗa amya da ƙudaje sa'annin juna, babu tsohuwa ko ɗaya da za su kalla. Da suka fara rawa, sai ga kuskure a saiti, ga kuskure a nisa. Bayan kwana 20 saitin ya gyaru, amma nisan bai gyaru ba, suka ci gaba da nuna wuri ya fi yadda yake nisa. Ashe rawar ma sai da koyo, kuma da ƙuruciya ake yinsa.

To, tsofaffin nan su ne masu fita kiwo, su ne kuma feshin maganin ƙwari da ake yi da rana ke fara kashewa. Don Allah wanda zai yi wa wake ko kankana feshi lokacin fure, ya bari sai da yamma lis, bayan sun koma gida, ya kuma sanar da maƙwabcinsa mai amya. Masu ɗiban zuma da wuta su koma hayaƙi, domin harshen wuta ba ya zaɓe.

Wajen raba amya biyu ma akwai lura. Idan aka ajiye sabuwar kusa da tsohuwar, masu kiwo duk za su koma inda suka saba, a bar ta da yara zalla. A toshe ƙofar sabuwar da dare, a bar musu kafar shan iska, a kai ta nisan kilomita 5 ko fiye.

Wassalam,
Wasu masu kiwon zuma