Amsa ga ɗana da ya tambaye ni batun gadar dogo

Assalamu alaikum, ɗana.

Ka bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, ka ce gadar jirgin ƙasa ai ƙarfe ce, in gobara ta kama ta me zai hana a sauya katakai jirgin kaya ya ci gaba da wucewa? Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Katakan da dogo yake zaune a kansu jiƙe suke da wani baƙin mai kamar kwalta, don kada gara ta ci su. Da idona na ga wutar daji ta hunturu ta cinye ciyawar ƙarƙashin wata 'yar gada ta kama su, suna ci bal-bal, man yana ɗiga kamar kitse a tukubar mai tsire. Sauya su ba wani aiki ba ne. Ƙarfen ne abin tsoro. In zafi ya kai wajen digiri 600, yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya lanƙwashe, ƙusoshi su saki. Bayan ya huce sai ka gan shi garau, alhali ya cutu. Dole injiniyoyi su auna kowane ƙarfe, a turo taragai masu nauyi a hankali a gwada, kafin a yarda jirgi ya hau.

To, layinmu da ya taso daga Zariya ya bi Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ɗaya ne tilo, babu ratse. Gada ɗaya ta lalace, an yanke mu ke nan. Gyaɗa da auduga da fatun da suka raya Gusau ta nan suka riƙa fita, kuma buhu ba ya jiran injiniya. Ɗan kasuwa zai kira tirela ya biya da tsada, in ya saba da direba kuwa, dawo da shi tasha sai an sha wuya. Mu da muka ga tasharmu ta yi tsit, awaki na kwana a inuwarta, mun san zafin wannan.

Shi ya sa in Allah Ya sa aka farfaɗo da layin nan, roƙona shi ne duk gadar da ta ƙone a fara kafa ta wucin gadi kaya su riƙa wucewa, babban gini ya biyo baya. A kuma sa lebura su share ciyawar ƙarƙashin gadoji da zarar damina ta ɗauke.

Babanka, tsohon ma'aikacin reluwe,
Ƙaura Namoda