Wasiƙar Wata: Tseren Tsallake Shinge da Labarin Tobi Amusan

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Bana mun saka tseren tsallake shinge cikin wasannin ƙarshen zango. Takardun izini sun fara dawowa, na maza kusan duka da sa hannu, na mata kuwa yawancinsu shiru. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin wata baiwar Allah.

An haifi Tobi Amusan a 1997 a Ijebu Ode ta jihar Ogun, nan kusa da mu. Iyayenta duka malaman makaranta ne. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa mahaifinta bai so gudun nan ba, karatu kawai yake so, mahaifiyarta ce ta tsaya mata. Ba mu ga laifin dattijon ba, tsoron da yake ji shi ne yawancinmu muke ji. Sai ga shi gudun ne ya buɗe ƙofar karatun. Bayan ta ci zinare a wasannin Afirka na Barazabil a 2015, ta samu tallafin karatu a jami'ar Texas da ke El Paso, Amurka, a 2016.

Tseren nata mita 100 ne, da shinge 10 a jere, kowanne tsayinsa ya kusa santimita 84, tsakaninsu mita 8.5. Taku uku mai gudu take yi ta tsallaka, uku ta tsallaka. Ƙafa ta ɗan taɓa shinge ɗaya, lissafin ya ruguje.

Abin da muka fi so yara su ji shi ne na huɗun da ta zo har sau biyu: a gasar duniya ta Doha a 2019, da gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021. Na huɗu ba lambar yabo, sai dai a tafa wa wasu kana kallo. Ba ta ajiye takalmi ba. Ranar 24 ga Yuli 2022, a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a birnin Eugene na Amurka, ta yi daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe, ta karya tarihin duniya na 12.20 da Kendra Harrison ta kafa a 2016. A ranar dai ta ci zinare da 12.06, amma ba a rubuta shi a matsayin tarihi ba saboda iskar da ke bayanta ta wuce ƙa'ida. Kafin ita, babu ɗan Najeriya, mace ko namiji, da ya taɓa cin zinare a wannan gasa.

Mu dai a nan shingenmu na bututun roba ne, iya gwiwar yarinya, da an taɓa shi yake faɗuwa. 'Yan mata za su yi atisaye su kaɗai, malama mace ce za ta kula da su, kowacce da dogon wando da ƙaramin hijabi wanda ba zai harɗe ta ba. Atisayen bayan Azahar ne, ranakun Talata da Laraba, kuma za a sallame su da wuri don masu zuwa Islamiyya da masu bin hanyar Agege kafin cunkoson yamma. Wadda makinta ya yi ƙasa za ta koma aji sai ta gyara.

A dawo da takardar izini kafin Juma'a. Takalmin kambas ya wadatar, kada a sayi mai ƙusa. Mai tambaya ya samu malamar wasanni a ofis da safe.

Wassalam,
Shugabar Makaranta