A duba hatimin tukunyar iska kafin a ba masu nutso

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi da masu taimako. Duk lokacin da kwale-kwale ya kife a kogin Neja, sai a yi ta kiran a samar wa masu ceto kayan nutso na zamani. Kiran yana kan hanya, amma ina tsoron a dinga sayo tukwanen iska na gwanjo ana duba kyan fenti kawai.

Tukunyar alminiyom mai lita 11 da mai nutso ke goyawa ana ɗura mata iska har matsinta ya kai 207 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", wato kusan ninki casa'in na iskar tayar ƙaramar mota. Idan ta fashe, wanda galibi lokacin ɗuri yake faruwa, mai ɗurin ne ke fara halaka. Shi ya sa a Amurka da Ingila ake gwada ta duk bayan shekara 5. Ana cika ta da ruwa, a saka ta cikin wata ma'ajiyar ruwa, sannan a matsa ta fiye da yadda take ɗauka a wurin aiki, a auna yadda ta kumbura da yadda ta koma. Ruwa ake amfani da shi domin ba ya matsuwa, ko ta tsage ba za ta tarwatse ba. A ƙa'idar Amurka, idan kumburin da ya ƙi komawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na duka kumburin, ta gama aiki. Wadda ta tsallake kuwa ana buga mata hatimin wata da shekarar gwajin a kafaɗa.

Tsufa kaɗai ba aibi ba ne, domin tukunyar da aka kula da ita tana shekaru da yawa tana aiki. Abin da ke cin ta shi ne ruwan da ya shiga ciki ya haifar da tsatsa, da zafin wuta, musamman idan an gasa ta domin sabon fenti ya kama. Akwai kuma tsofaffin tukwanen da aka yi da nau'in alminiyom mai lamba 6351, aka ƙera su kafin 1990, waɗanda wuyansu kan tsage a hankali, kuma sai an binciki wuyan da na'ura ta musamman.

Saboda haka ina roƙon duk hukumar da za ta sayi waɗannan kaya ta ƙi karɓar tukunyar da hatiminta ya haura shekara 5, ta kuma ware kuɗin gwaji da na leƙa cikinta kowace shekara tun a kasafin farko.

Naka mai karatu,
daga Yawuri, Jihar Kebbi