Tab mai cin layi ko jonawa da wayar gida: shawarar mai gyara ga iyaye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan wata tambaya da iyaye ke yawan kawo mini, musamman idan jarrabawar JAMB ta gabato. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre da ke nan Kano. Tun da aka mayar da wannan jarrabawa kacokan ta kwamfuta a 2015, iyaye suka fahimci cewa yaron da bai saba amsa tambaya a allo ba yana shiga ɗakin jarrabawa a tsorace, ko da ya yi karatu. Laftof kuwa ta fi ƙarfin yawancinmu, sai ido ya koma kan ƙaramar kwamfutar hannu, wato tab. Daga nan sai ka ji uba ya ce, "Malam, in sayi mai cin layi in riƙa sa masa data daban, ko in ɗauki marar layi ya riƙa jonawa da wayata?"

Kafin in amsa nakan tambaye shi: wa zai riƙe tab ɗin, kuma ina wayar take wuni? Idan mutum ɗaya ne mai wayar da tab ɗin, kamar ɗalibin jami'a ko malamin makaranta, to ya sayi marar layi ya kunna hotsifot, wato ya raba wa tab ɗin intanet daga wayarsa, magana ta ƙare. Kuɗin tab ɗin ya fi sauƙi, kuma data ɗaya babba ta wata ta fi araha a kan ƙanana biyu, domin duk kamfanonin, MTN ne ko Airtel ko Glo, idan ka sayi da yawa kuɗin kowace giga yana raguwa. Wanda yake shakka ya danna *312# ya kwatanta da idonsa. Tun bayan da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan bambanci ba abin rainawa ba ne.

Amma yawancin masu zuwa wurina ba haka suke ba. Uba ne mai fita kasuwa tun hantsi, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Wayar tana aljihunsa, tab yana gida ba intanet. Idan ya dawo a gajiye yara sun fara gyangyaɗi, karatun da aka sayi abin dominsa ya tashi a banza. Sai nauyin ya koma kan wayar uwa, kuma a nan ne nake ganin ɓarnar da idona. Kwanaki wata baiwar Allah ta kawo mini wayarta, murfin baya ya ɗage har kana hango gam ɗin da ke riƙe da shi, batirin ya kumbura kamar fanke. Na ce, "Hajiya, kina barin ta a caji kina aiki da ita?" Ta ce ai ita ce ke ba yara intanet, shi ya sa da an kawo wuta take maƙala ta a soket, hotsifot a kunne, ta tura ta ƙarƙashin matashi don kada ƙananan su ɗauka. Waya tana karɓar sabis, tana rabawa, tana caji, duk a lokaci guda, cikin zafin bazarar Kano, ba ta samun iska. Zafi ne babban mai kashe batir. Kuɗin da ta biya na sabon batir da aiki ya cinye wani kaso na abin da take ganin ta rage lokacin da ta ƙi sayen mai layi.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mutane. A wayoyi da yawa, da zarar kira ya shigo, sabis ɗin data yana sauka daga 4G, intanet ɗin tab ɗin ya tsaya cik ko ya koma tafiyar hawainiya har sai an gama magana. Uwa mai sana'a a gida, wadda masu sayen kaya ke kira dare da rana, ba za ta iya zama tashar intanet ɗin yaro mai gwajin jarrabawa da agogo ba.

Sai batun shan data, wanda shi ne ke haddasa faɗa a gidaje. Tab yana kallon hotsifot a matsayin Wi-Fi, sau da yawa kuma sai ya saki jiki: Play Store ya fara sabunta manhajoji, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka turo a zaure, hotuna su riƙa hawa intanet da kansu, YouTube ya zaɓi hoto mai kyau wanda ke zuƙar data ninkin-baninki. Uwa ta danna *323# ta ga ba komai, a kama yaro da duka alhali ba shi ya sha ba. Maganin bai wuce minti biyar ba. A kashe sabuntawar kai tsaye, a hana WhatsApp sauke bidiyo, a rage ƙarfin hoton YouTube, a kuma sauke darussa a ajiye a kalla ba tare da intanet ba. Manhajojin tsofaffin tambayoyi da dama ma ba sa buƙatar data bayan an sauke su.

Don haka ga mai iyali, ra'ayina shi ne ya daure ya cika kuɗi ya sayi mai cin layi na 4G, ko da ba zai sa masa layin nan take ba. Mai layi yana jonuwa da hotsifot shi ma idan an so, marar layi kuwa ba yadda za ka yi ka ƙara masa wurin sim daga baya. Idan lokacin jarrabawa ya zo, uba ya yi rajistar layi da lambarsa ta NIN, ya sa data ta wata daidai ƙarfinsa, ya san abin da yara ke sha bai gauraya da na sana'arsa ba. Sai dai a riƙa ɗan motsa layin, domin wanda aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya karɓewa. Gidan da ke da yara da yawa kuma ya duba MiFi, wato ɗan akwatin nan mai cin layi da ke raba intanet, a ajiye shi a falo kowa ya jona.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tab marasa asali da suka cika gari, masu kwali mai ƙyalli da kyautar biro da jaka da abin kunne. An rubuta musu ram (wato ƙwaƙwalwar aiki) da ma'ajiya masu yawa, kana buɗe cikinsu ka ga ƙarya ce, har lambobin da ke cikin saitin an sauya su. Wasu 3G kawai suke kamawa, wasu Android ɗinsu ya tsufa har manhajojin karatu ba sa hawa. Idan gilashin ya fashe kuma, sai in zagaye kasuwa kaf ban samu irinsa ba, in mayar wa uba da kayansa yana kallona. Gara mutum ya sayi na hannu mai lafiya na kamfanin da aka sani, irin su Samsung, Lenovo, Tecno ko Itel, mai ram giga 4 da ma'ajiya giga 64 idan hali ya yi, a kan sabo dal da ba wanda ya san mai ƙera shi. Kafin ya biya, ya sa layinsa a ciki a gaban mai shago, ya ga alamar 4G ta fito, ya gwada bakin caji, ya karɓi rasit.

Ina kira ga NCC, wadda doka ta ɗora wa tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar nan, da ta riƙa leƙowa kasuwanni irin tamu. Shugabannin kasuwarmu su ma su ja kunnen masu kawo irin wannan kaya, domin masu sayensu talakawa ne da suka matse bakin aljihu watanni don karatun 'ya'yansu.

Wassalam,
Mai gyaran waya,
Farm Centre, Kano.