Ku daina tambayar jikka nawa tukunyar kufai za ta yi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Lahadi. Kun gayyato masanin tonon kufai da kayan tarihi, bawan Allah ya zo da iliminsa, amma mai gabatarwa ya hana shi kai aya. Da ya fara bayani sai a katse shi: "To Malam, in mutum ya tono irin wannan tukunya, jikka nawa za ta yi?" Sai dariya. Kun san su wa ke sauraronku kuwa? Samarin karkara ne da rani ya zaunar, ga diga a ɗaki, ga aljihu babu ko dala.

Ni na ga abin da wannan tambaya take haifarwa. Lokacin da nake koyarwa a wani ƙauye gabas da Mirya, akwai tudun kufai bayan gari, in damina ta zaizaye shi sai tsingaro da duwatsun niƙa su fito. Wani baƙo ya zo ya ce zai sayi duwatsun wuya na mutanen da. Kafin wata ya ƙare tudun ya zama ramuka. Na tarar da randuna a farfashe, ƙasusuwan bayin Allah a watse a rana, toka da gawayi an sheƙar gefe wai datti ne. Har da ɗalibaina cikin masu tonon. Abin da aka ba su bai kai kuɗin buhun hatsi ba. Wallahi ranar na kasa cin abinci.

Gawayin nan da suka zubar, shi ne abin da baƙonku yake ta ƙoƙarin faɗa. Duk abu mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon 14, in ya mutu sai ya riƙa raguwa, rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5,730. Da guntun gawayi ko ƙashi ake auna shekarun wuri. Sannan abin da ke can ƙasa ya riga na sama zuwa, shi ya sa masanan ke kankare ƙasa sannu a hankali, suna zana inda kowane abu yake kwance kafin su ɗaga shi. Tukunyar da aka fizge daga mazauninta kamar mai shaida ce da aka yanke wa harshe.

Me ya sa ba ku bar shi ya gama maganar kufan Gobero ba? A can hamadar Tenere, inda aka gano wurin a shekarar 2000, an samu kaburbura kusan 200, da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina. Da su aka tabbatar tabki ne a da, inda yau sai rairayi. An tarar da wata mace da yara biyu rungume da juna, shekara sama da 5,000 a kwance, kuma ƙurar furanni da ke cikin kabarin ta nuna a kan furanni aka shimfiɗe su. Da mai diga ya riga masana isa, wa zai san wannan?

Bura kuwa, a yankin Tera, ta ishe mu kuka. Masanin tarihin ƙasarmu Boubé Gado ya yi aikin tono a can a 1983, ya fito da tulunan binne gawa masu siffar kawunan mutane da mahaya dawaki. Da aka kai su nuni Faransa a shekarun 1990 suka yi suna, sai masu wawashe suka afka wa yankin. Ƙasarmu tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, shirinku bai ambace ta ko sau ɗaya ba. Ga Termit a nan jiharmu ta Damagaram, da tsofaffin wuraren narkar da tama. So kuke su ma a bi su da diga?

Ku sake kiran masanin nan, ku ba shi lokacinsa cikakke, ku faɗa wa jama'a da Hausa ƙarara: wanda ya ga tukunya ko ƙashi a gonarsa ya bar shi inda yake, ya sanar da mai gari da hukuma.

Sai kuma sanarwar rasuwa. Don Allah ku daina sa kiɗa a ƙarƙashinta, kuma mai karantawa ya rage sauri. Makon jiya har aka gama ban ji unguwar da ake zaman makokin ba.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, Birni, Damagaram