Sanarwa kan kyaututtukan Sallah

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikata, barkanmu da aiki.

Za mu zauna ranar Alhamis da ƙarfe 11 na safe a ɗakin taro. Sallah ta ƙarato, har an fara ganin buhunan shinkafa a bakin ƙofa, jiya ma wani ɗan kwangila ya turo rago. Jadawali na 5 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta saboda aikin ofis. Ta dangi da aminai bisa al'ada ce kawai aka yarda da ita.

Duk wanda aka kawo wa abu, ya mayar cikin mutunci, ya sanar da sakatare. Wanda ɗan'uwansa ke neman kwangila a nan, ya faɗa, ya cire hannunsa daga fayil ɗin.

Allah ya kai mu lafiya.